Hancin Motar Tarmo

Tarmo Hukkanen ba ya iya waiwaye. In ka kira shi ta baya, sai ya juyo gaba ɗayansa, kafaɗu da tumbi da takalma, kamar ana juya firji a ƙaramin ɗaki. Mutanen ƙauyen Mustalampi sun saba, har wasu marasa aikin yi sukan kira sunansa a bakin shago don kawai su ga juyin. Wuyan nan a filin tsere ya samo shi, kuma abin haushin, da hannunsa ya ƙera abin da ya karya shi.

Mai walda ne. Ya fi shekara talatin yana liƙe tankunan madara da garmunan tarakta na manoman yankin Savo, irin mutumin da in ya ga ƙarfe biyu a ajiye kusa da juna sai tausayi ya kama shi ya ɗaura musu aure. Asabar ɗin lokacin zafi kuwa ta tseren kowa-da-kowa ce, wanda ake yi da tsofaffin motocin da aka tono daga bayan rumbuna, a kan tsakuwa da taɓo. A can Tarmo ya yi suna da mota mai taurin kai. Duk inda doka ta bar kafa, sai ya cusa ƙarfe. Ran da ya kwaso gudu ya rungumi tudun da ke kwanar ƙarshe, motar ko lotsawa ba ta yi ba. Direban ne ya lotse.

Reijo Pasanen ne ya fara zuwa duba shi a asibiti. Tare suka yi aikin soja, gona ɗaya ce ta raba gidajensu, shi ne uban baftismar 'yar Tarmo, kuma shi ke tuƙa motar share ƙanƙara a yankin. Ya tsaya a kan gadon, ya ƙare wa abokinsa kallo cikin ƙarafan da aka ɗaure masa kai da su, ya ce, "Albishirinka, tsoho. Motar lafiyarta ƙalau. Tana gaishe ka."

"Ka ce mata in na fito za mu gauraya," in ji Tarmo ta gefen baki.

Kwanciyar ta ba shi abin da bai taɓa samu ba, wato lokacin tunani. Yana kallon rufin ɗaki ya gano cewa duka ba ya ɓacewa. In ƙarfen gaba ya ƙi karɓa, sai ya miƙa wa na bayansa, na bayan ya miƙa gaba, har a iso ga wanda ba shi da wanda zai miƙa wa. A motarsa, wannan bawan Allah shi ne wuyansa.

Likita ya ce wani dukan irin wannan, sai keken guragu. Matarsa Sirkka, mai dafa abinci a makarantar ƙauyen, ta fi likita iya taƙaita magana. "Ka gina motar da za ta mutu a madadinka, sai ka koma," ta ce. "In ba ita ba, ga tafki can, ka je ka kama kifi kamar sauran tsofaffi."

Tarmo ya tsani kamun kifi. Don haka da ƙanƙara ta rufe ƙauyen, ya janyo matattun motoci uku cikin garejinsa, ya fara haɗa ɗaya mai rai. Kejin bututu da ke kewaye direba ya yi shi da ƙarfi, kamar yadda doka ta ce. A gaban motar ne ya saɓa wa duk abin da ya sani. Ya yanko siraran bututai masu kusurwa huɗu, ya riƙa kafa su a tsakar gida, ya ɗaga ƙaton kankare da cokalin tarakta ya sako a kansu. Na farko ya ƙi lanƙwasa, kankaren ne ya tsage. Wani ya karkace kamar ayaba, ya yi tsalle ya kusa shiga ta tagar ɗakin girki, Sirkka ta leƙo ta tambaya ko in ya kashe ta a gida shi ma likita ya yarda. Sai da ya koyi yi wa bututun 'yan lotse-lotse da guduma, a jere, kowanne da tazararsa, don ya nuna wa ƙarfen inda zai fara durƙusawa. Ran da ya dace, kankaren ya sauka ba ƙara mai yawa, bututun ya naɗe a kan kansa, ninki bisa ninki, kamar zugazugin maƙeri. Tarmo ya ɗauke shi da zafinsa ya kai teburin cin abinci ya ajiye kusa da kwanon burodi.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗaura injin yadda in an buga zai sulale ƙasa, ba ya zo ya zauna wa direba a cinya ba. Sandar sitiyari ya yi ta biyu, ɗaya cikin ɗaya, in an danna ta shige. Hancin motar duka da noti ya ɗaure shi, ba da walda ba, abin da ga mai walda kamar mahauci ne ya koma cin ganye.

Duk wannan lokacin Reijo yana nan. Da ya gama share hanya sai ya shigo, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya sha kofin Tarmo, ya ci burodin kirfa na Sirkka, ya biya da baƙar magana.

"Mutane na gina mota, kai kana gina gwangwanin madara."

"Gwangwanin ya fi ka amfani. Shi ko ba komai an sha abin da ke cikinsa."

"To in wani ya tokare ka fa?"

"In ce masa na gode, in kwance noti, in ɗaura sabon hanci."

"Da naka hancin ma ana iya kwance shi, da Sirkka ta huta da minshari."

Amma shi ke riƙe bututu in Tarmo zai yanka. Shi ya samo musu lagireto a wurin surukinsa. Ba noti ɗaya a motar nan da Reijo bai san wurinsa ba.

Dokar tseren kowa ya san ta. Da an tashi, kowace mota ta sayarwa ce, a farashi ɗaya da aka yanke tun farkon shekara, wanda bai kai kuɗin injin yankan ciyawa mai kyau ba. Duk mai so sai ya jefa takardar tayi da sunansa a cikin akwati. In masu so sun yi yawa, a ja ƙuri'a. Mai mota in ya ƙi sayarwa, a karɓe lasisinsa. An yi haka ne don kada mai kuɗi ya zo da motar da za ta hana talaka ganin gaba. Sai dai akwai wata dokar da ba a rubuta ba: abokanka su ma su jefa tayi a kan motarka, in ta faɗa hannun ɗayansu ya miƙo maka mabuɗi, ka mayar masa da kuɗinsa, ka saya masa kofi. Tarmo da Reijo suna yi wa juna haka tun suna da gashi a ka.

Tseren farko na shekara, masu duba motoci suka zagaya ta Tarmo suna ƙyaƙyata dariya. Sun saba kama masu ƙara ƙarfe a ɓoye, ba su taɓa ganin wanda ya rage ba. A zagayen share fage wani ya juya a gabansa ya gicciye hanya, Tarmo ya shige shi da hanci. Ya zauna cikin hular kwano yana jiran zafin da ya sani ya sauko daga ƙeya. Zafin bai zo ba. Hancin motar ya naɗe kamar yadda aka koya masa, shi ke nan. Aka janyo ta gefe, shi da Reijo suka kwance, suka ɗaura na ajiya, mutane sun kewaye su suna kallo da naman gashi a hannu. Sirkka ta sa shi ya kaɗa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta koma ta zauna.

Sai ga abin da shi kansa bai lissafa ba. Motar da ba ta ɗauke da ƙarfen banza ba ta da nauyi. A zagayen ƙarshe ta fita daga kwana kamar an tsokane ta, ta bar kowa yana cin tsakuwa, har da Reijo da ya zo na kusa da na ƙarshe, wurin da ya daɗe da mayarwa gidansa. Tarmo ya karɓi kofin roba mai ruwan zinariya da buhun dankali.

Akwatin tayi ya cika fal da sunan motarsa. Ya tsaya a bayan jama'a yana duban ƙasa, har mai shela ya sa hannu ya zaro takarda ya karanta, "Pasanen, Reijo." Tarmo ya saki numfashi. Ya juyo gaba ɗayansa ya rungume abokinsa, abin da rabonsa da yi tun ranar baftisma.

"Kofi biyu," ya ce. "Har da burodi."

"Tirelata ta fi kusa," in ji Reijo, idonsa a kan motar. "Cire kujerarka da bel, in ɗora ta. Ma haɗu a gida."

Kujera da bel na direba ne, ba sa bin mota, don haka Tarmo ya kwance su yana fito. Bai tambayi kansa dalilin da zai sa a cire kujerar motar da za ta kwana a garejinsa ba.

Ba ta kwana a can ba. Washegari Reijo ya ce bayansa na ciwo. Bayan nan ya ce ya tafi wurin surukinsa. Da mako ya zagayo, Tarmo ya sa kuɗin motar a aljihu ya ratsa gonar da ƙafa. Ƙofar garejin Reijo, wadda ba a taɓa rufewa ba don ƙyaurenta ya lalace tun tuni, an gyara ta an rufe. Warin sabon fenti na fitowa ta ƙarƙashi.

Reijo ya fito yana goge hannu. Akwai shuɗin fenti a farcensa. Motar Tarmo ja ce.

"Na kawo kuɗinka."

"Riƙe abinka. Kuɗin motarka ne."

"Reijo, ban karya kumallo da wasa ba yau."

"Ni ma haka." Ya dubi gefen kafaɗar Tarmo, inda ya san ba a iya binsa da ido. "Ƙuri'a ce ta ba ni. Ban sata ba. Je ka tambayi kowa."

"Sau nawa na miƙo maka mabuɗinka?"

"Mabuɗin me? Wa ya taɓa son motata? Kai kaɗai ke jefa tayi, don kada in ji kunya. Shekara talatin ina bayanka, Tarmo. Na san lambar bayan motarka fiye da ranar haihuwar matata. Sau ɗaya nake so in ga yadda hanya take in ba kowa a gaba."

"Da ka ce in gina maka."

"Da ka gina mini wadda ba ta kai taka ba. Kai mai walda ne, ka gina wata."

"Ka san ba don kofin roba na yi ta ba. Kai ka riƙe bututun."

"Na riƙe," in ji Reijo. "Shi ya sa nake ganin ina da rabo a ciki."

Tarmo ya juya ya ratso gonar. Gina wata ba abin wasa ba ne: lokacin tsere gajere ne, aikin manoma ya taso, ga hannayensa da suka fara rawa in ya daɗe da riƙe walda. Sirkka ta saurare shi har ƙarshe, ta ɗauko kwanon da Reijo ya saba shan kofi da shi ta zuba wa kyanwa ruwa a ciki.

"Sharaɗina yana nan," ta ce. "Waccan motar ko ba mota. Amma akwatin tayin da ya ba shi ita, bai mutu ba."

Haka ne. Duk ran da Reijo ya shiga tsere da ita, za ta koma ta sayarwa. Mutanen ƙauye, waɗanda doka ta sa suka yi shiru amma suka daina ɗaga wa Reijo hannu a hanya, suka fara leƙowa garejin Tarmo ɗaya-ɗaya. Wannan ya ce Asabar ba shi da aiki. Wancan ya ce matarsa ma tana da hannun sa'a. 'Yarsa ta taso daga birni. Ranar tseren gaba, Tarmo ya ja tirelarsa ba komai a kai, da ayarin mutane a bayansa, har da wata tsohuwa mai sanda wadda ba ta san gaban mota da bayanta ba amma ta san Reijo tun yana satar tuffa.

Reijo ya zo na biyu. Da ya fito daga motar yana ta murza ƙeya, amma bakinsa har kunne. Aka jera motocin a fili don masu tayi su duba. Tarmo ya nufi tasa. Shuɗin fentin bai dame shi ba, fenti ana kankarewa. Ya durƙusa da ƙyar, ya kwanta a kan tsakuwa ta gefe, ya leƙa ƙarƙashin hancin.

Ya daɗe a kwance.

'Yan lotse-lotsen da ya yi da guduma, an bi su ɗaya bayan ɗaya an cike da walda. Cikin siraran bututan an zura rodi, an shafe da baƙin fenti don kada masu dubawa su gani. Notin hancin an liƙe su. Injin an ɗaure shi tam da ƙarfen garma. Kuma waldar ma, kai, kamar kaza ta yi kashi a jere. Ko an yanke rodin, zafin wuta ya riga ya taɓa ƙarfen da ke bayansu. Abin da ya rage na Tarmo a motar nan sai keji da lagireton surukin Reijo.

"Ta yi laushi da yawa," muryar Reijo ta zo daga sama. "Ana ɗan taɓa ta sai ta lotse. Ni ba ni da haƙurin canza hanci kullum. Na ɗan ƙarfafa ta."

Tarmo ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe wandonsa. "Ƙeyarka fa?"

"Ba komai. Kwanciya ce na yi ba daidai ba."

"Haka tawa ta fara."

Reijo ya dubi layin da ke gaban akwatin tayi. Ya yi tsawo, kuma duk baƙin fuska ne daga garuruwan arewa, waɗanda suka ji labarin mota mai tashi. Ya dubi ayarin Mustalampi da ke tsaye suna jiran Tarmo ya ɗaga hannu. Shi ba wanda ya zo dominsa. Ya matso ya rage murya.

"Ku jefa mana, tsoho. In ta faɗo wurinku, ma zauna mu yi magana. Mako naka, mako nawa. Kada baƙo ya tafi da ita."

Tarmo ya dube shi sosai. Fuskar da ya sani ce, da tabon raunin da ya ji a soja, da gashin hanci, ba abin da ya canza. Abin da ya fi ci masa rai ke nan.

"Wato in tsare maka ita."

"Mu tsare ta."

"Tawa ta mutu a garejinka, Reijo. Wannan taka ce. Nemi abokinka ya jefa maka."

Ya koma wurin mutanensa ya ce kowa ya mayar da kuɗinsa aljihu. Tsohuwar ta ce ita fa ba ta sa takalmin coci don ta koma haka nan ba, sai da 'yar Tarmo ta sayo mata naman gashi da mastad. Sirkka ta dubi fuskar mijinta, ta mayar da nata kuɗin jaka.

Ƙuri'a ta faɗa kan wata mata daga yankin Kainuu can arewa, Marjut, mai tuƙa motar katako. Tana cikin ɗaure motar a tirelarta Tarmo ya iso, ya nuna mata ƙarƙashin hancin da yatsa.

"Kafin ki zauna a cikinta, ki yanke gaban nan duka ki zubar. In kin bugi wani abu, wuyanki ne zai biya."

"Kai ne wa, baba?"

"Na san ta tun tana ƙarama."

Ta leƙa, ta ga rodin, ta yi tsaki. "Wane jaki ne ya yi wannan waldar?"

Reijo na tsaye kusa, rungume da kujerarsa da bel. Tarmo bai nuna shi ba. "Wani maƙwabci," ya ce.

Hanyar Mustalampi ɗaya ce, don haka tireloli biyu suka kamo ta a jere, dukansu ba kaya, suna ta kwaramniya a kan ramuka, ta Reijo a gaba. Rana na nan a sama ba ta da niyyar faɗuwa, kamar yadda ta saba a ƙasar nan lokacin zafi. Sirkka ta yi maganar dankalin da ba a yi wa huɗa ba, sannan ta ce ƙanenta yana da kwalekwalen kamun kifi da ba ya amfani da shi. Tarmo ya ce ya ji.

Wajen rabin hanya akwai gidan mai da ke sayar da kofi, inda su biyun suka saba tsayawa duk ranar tsere, wanda ya fi cin tsakuwa shi ke zaɓar tebur. Tun daga nesa Reijo ya kunna sigina. Ya rage gudu sosai, ya ratse a hankali, ya tsaya a inda zai bar wurin tirela ɗaya a gefensa.

"Ya tsaya," in ji Sirkka.

"Na gani."

Tarmo ya sa giya ta gaba, ya wuce.